Kuɗin Mota a Hanyar Gwarzo: Inda Bashi ya Tsaya, Inda Zamba ta Fara

Mun baro Kabuga bayan la'asar, mu shida a wata tsohuwar Golf, biyu a gaba, huɗu a baya. But kuwa an danna masa buhunan taki har murfin ya ƙi rufuwa, sai da aka ɗaure shi da igiyar roba. Kowannenmu ya biya kuɗinsa tun a tasha, ɗan kamasho ya ƙirga, ya cire nasa, ya miƙa wa direba sauran. A Rimin Gado wata mata ta sauka da goyonta. Tun daga nan direba ya fara rage gudu duk inda ya hango mutum a bakin titi, don kujerar da ta tafi fanko asara ce tsagwaronta. Muna shiga ƙasar Kabo wani matashi mai jakar goyo ya ɗaga hannu.

"Gwarzo?"

"Shigo."

Cinikin ke nan gaba ɗaya. Babu wanda ya ambaci ko sisi.

Ana shirin kiran magariba muka isa. Matashin ya zaro naira 500 ya miƙa, ya juya zai tafi. Direba ya kalli takardar, ya kalli ƙeyarsa.

"Malam, cika min kuɗina, 1,000 ce."

"Haba direba, abin da nake biya ke nan kullum."

"Kullum ɗin yaushe? Tun kafin a cire tallafi?"

Kafin ka ce me, direba ya cafke igiyar jakar, yaro ya riƙe ɗaya ɓangaren, masu rake da 'yan acaɓa sun yi musu zobe. Wani dattijo da ya fito alwala da buta a hannunsa ne ya ratso taron. Bai tambayi nawa ake bi ba. Yaron ya kalla ya ce, "Kai, ɗan gidan wa ne kai?" Yaro ya ce shi daga Unguwar Tudu yake, ya faɗi sunan mahaifinsa a hankali, kamar wanda ake zare wa ƙaya. Dattijo ya gyaɗa kai, ya juya wurin direba: "Ɗana, saki jakar nan. Na san gidansu." Direba ya ce, "Baba, wallahi mai nake saya, ba ruwan rijiya nake zuba mata ba," amma ya saki. Aka tsaya a kan yaro ya ƙara 300. Ya ce idan ya bayar ba shi da na babur ɗin da zai ƙarasa da shi gida. Wani daga cikinmu ya biya masa, taro ya watse, kowa ya nufi masallaci.

Tun daga ranar nake juya wata tambaya. Da dattijon nan bai fito ba, da abin ya kai gaban hukuma, wa za a ce ya yi laifi? Yawancin waɗanda suka taru za su ce yaron. Doka kuwa, in aka bi ta sawu da ƙafa, ta fi kusa da kama hannun da ya riƙe jakar.

Kafin a zo nan, ya kamata a ga abin da ke sa babban mutum mai iyali ya yi kokawa a kan naira 500. Da yawa daga masu jan Golf da Sharon a wannan hanya mai tsawon kimanin kilomita 70 ba su ne masu motocin ba. Akwai balas da mai mota ke jira, ko an samu ko ba a samu ba. Akwai kuɗin tasha, akwai na ɗan kamasho, akwai abin da ake miƙawa ta taga a shingaye, wanda kowa ya sani amma ba ya cikin kowane littafi. Sannan ga mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, lita tana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta wuce 500, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Kuɗin mota ya bi ta a guje, aljihun fasinja ya tsaya inda yake. Kuɗin fasinjojin da aka loda a tasha kan tafi ne a mai da balas. Abin da direba zai kai gida ya yi cefane sau da yawa yana cikin 'yan tsince-tsincen hanya, irin wannan matashi. Wato wanda ya fi sauƙin gardama shi ne kuma ribar.

Tasha ta daɗe da warware nata. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ke riƙe da layi da lodi, kuma ƙa'idarta ba ta da kwana-kwana: a biya kafin mota ta tashi. Shi ya sa da wuya ka ji rigimar kuɗin mota a cikin tasha. Rigima tana bakin titi, tana wurin ɗan adaidaita sahu, tana wurin ɗan acaɓa, inda al'ada ta zama sai an sauke ka za ka sa hannu a aljihu. A ƙananan hukumomin birni an hana goyo a babur tun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero a watan Janairun shekarar. A Gwarzo da Kabo kuwa babur ne tasin ƙauye. Shi ke ɗaukar mai zuwa Getso, da mai zuwa Lakwaya, da mai zuwa Unguwar Tudu, da mara lafiya, da buhun masara. Kuma duk a kan amana ake hawa.

Masu ƙin biya ba iri ɗaya ba ne, direbobi ma sun san haka. Akwai mai gardamar farashi kamar yaronmu. Akwai wanda ya lalubi aljihu ya ji wayam, ko an yanke shi a kasuwa ko ya manta kuɗin a wata riga. Akwai wanda mota ta mace da shi a tsakiyar hanya ya ce ba zai biya tafiyar da ba a ƙarasa ba. Akwai mai "jira ni in shiga in karɓo maka", ya shige lungu mai ƙofa biyu, ka yi ta zuba ido har hantsi ya dubi ludayi. Akwai sabon shiga, mai nuna maka fuskar waya ya ce, "Ga shi nan ya tafi, netiwok ne, zai shigo." A idon direba duk sunansu ɗaya, sun ci masa gumi. Doka ta raba su gida biyu, kuma tsakanin gidajen akwai katanga mai tsawo.

Gida na farko bashi ne. Da ka ɗaga hannu direba ya tsaya, ka shiga, an ƙulla yarjejeniya ko da ba a rubuta komai ba: shi zai kai ka, kai za ka biya. Wanda ya saɓa ya karya alkawari, ana bin sa bashi, kuma hanyar karɓar bashi ita ce ƙarar neman haƙƙi, ba ɗauri ba. Gida na biyu zamba ce, ita kuwa laifi ce da hukuma ke hukuntawa.

Kundin da ya fayyace wannan a Arewa shi ne Final Kod, kuma yana da tarihin da ya cancanci a ɗan tsaya. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, don a sake fasalin dokokin laifuka kafin mulkin kai. Aka ɗauko samfurin kundin Sudan, wanda shi ma jikan kundin Indiya ne na 1860. Majalisar Arewa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe 'yancin kai. Wato dokar da za a auna rigimar Golf da ita a Gwarzo ta biyo ta Kalkata da Khartum kafin ta sauka Kaduna. Sashe na 320 ya bayyana zamba a matsayin yaudarar mutum har ya miƙa dukiyarsa, ko ya aikata wani abu, ko ya bar aikata wani abu, wanda da ba a yaudare shi ba da bai yi ba, kuma abin ya jawo masa cuta a jiki, ko hankali, ko mutunci, ko dukiya. Sashe na 322 ya sa hukuncin ɗauri har zuwa shekara 3, ko tara, ko duka biyun.

Duk nauyin maganar yana kan kalma guda, yaudara. Mutumin da ya hau mota ya san aljihunsa babu komai, ya kuma ƙudurta tun farko ba zai biya ba, hawan nan nasa kaɗai ƙarya ce, domin duk wanda ya tare motar haya ya nuna da halinsa cewa zai biya. Direba ya ƙona mai a kan wannan ƙarya. Wannan zamba ce. Amma wanda ya hau da niyyar biya, aka saɓa a kan farashi a ƙarshe, ko kuɗinsa ya ɓata a hanya, bai yaudari kowa ba. Matsalar ita ce niyya a zuci take, alƙali kuwa ba ya ganin zuci. Sai dai ya duba alamu. Ya ba da sunan ƙarya? Ya gudu ne ko ya tsaya ana magana? Ya miƙa wani abu ko bai miƙa ba? Ya saba yi? Yaronmu ya miƙa 500, ya tsaya, ya faɗi gidansu. Lauya ko na jiya ne zai fitar da shi daga tuhumar zamba kafin alƙali ya gyara zama.

Mai alat na bogi kuwa ba shi da wannan mafaka, kuma shi ne ya fi yawaita tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutane suka kwana a layin banki, ɗan acaɓan da bai taɓa buɗe asusu ba ya koma karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint. Wanda ya nuna hoton tiransifa na ƙarya ya yi yaudara a fili, ya sa direba ya ƙyale shi ya tafi, abin da ba zai yi ba da ya san gaskiya. Ga kuma shaida a rubuce, don bayanan asusu ba sa ɓoye ko kuɗi ya shiga ko bai shiga ba. Har akwai dokar tarayya ta 2006 kan damfara, wadda sashenta na farko ya haɗa da wanda ya yi ƙarya don a yi masa wani aiki bisa fahimtar cewa an biya ko za a biya. Hukuncinta daga shekara 7 ne zuwa 20, babu zaɓin tara. An yi ta ne don manyan 'yan damfara, kuma babbar kotu ke sauraron ta, saboda haka da wuya a ga an ɗauko wannan gatari a kan kuɗin babur. Amma lafazinta ya isa ya rufe mai alat ɗin ƙarya ruf, kuma samarin da suka mayar da abin wasa ya kamata wani ya karanta musu.

To sai batun 'yan sanda, inda mutane suka fi kuskure. Abu na farko da direban da aka ɓata wa rai ke cewa shi ne, "Mu je caji ofis." Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta faɗa a sashe na 32 cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don wani haƙƙi na tsakanin mutum da mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta riga ta faɗi haka a sashe na 8. Kotunan Najeriya kuma sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Idan akwai alamar zamba, ko an yi duka, ko rigima na neman zama tarzoma, shigarsu daidai ce. Idan gardamar 500 da 1,000 ce kawai, iyakar abin da za su yi bisa doka shi ne su raba faɗa su ba da shawarar sulhu. A aikace kowa ya san yadda takan kaya: a tsare mutum a bayan kanta har wani nasa ya zo, a biya kuɗin motar, sannan a shiga maganar beli, wanda aka rubuta a bango cewa kyauta ne. Direba ya yi asarar lodin yini guda, fasinja ya kashe ninkin abin da ya hana. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Shi ya sa direba ke yanke wa kansa hukunci a bakin titi, kuma a nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Ya fizge waya ko hula ko jaka ya ce jingina ce: babu wanda ya ba shi jinginar, kuma fasinja na iya shigar da ƙarar ƙwace ko amfani da ƙarfi. Ya kulle ƙofa ya ƙi sauke mutum, ko ya wuce da shi inda bai ce a kai shi ba: Final Kod ta hana tare mutum da tsare shi ba bisa ƙa'ida ba a sassa na 254 da 255. Ya ɗaga hannu ya yi mari: wannan ba ya buƙatar bayani. Mafi muni shi ne ya kwarma ihun "ɓarawo" a kasuwa. Duk wanda ya taɓa ganin abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka kira da wannan suna ya san kuɗin mota bai kai a furta shi ba. Fasinjan da ya ƙi biya yana ɗauke da bashin ɗaruruwan naira. Direban da ya fasa masa baki yana ɗauke da tuhumar da za ta iya kai shi gidan gyaran hali. Garin neman gira a rasa ido.

Wasu ƙasashe sun ga wannan giɓi tsakanin bashi da zamba sun cike shi da doka ta musamman. A Ingila, dokar sata ta 1978 ta ƙirƙiro laifin tserewa ba tare da biya ba, a inda mutum ya san ana biya nan take: gidan abinci, gidan mai, tasi. Hukuncinsa na iya kaiwa shekara 2. Ba sai an tabbatar da cewa ya yi ƙarya tun farko ba, ya isa a nuna ya sulale da rashin gaskiya. Amma ko a can alƙalai sun yi wa dokar linzami. A shari'ar Allen ta 1985, mutumin da ya bar otal da bashin sama da fam 1,200, kotun ƙoli ta lokacin ta ce sai an tabbatar niyyarsa ita ce kada ya biya har abada, jinkiri kaɗai bai isa ba. A shari'ar Aziz ta 1993, an kai fasinjoji inda suka ce, tafiyar mil 13, suka ƙi biyan fam 15, direba ya nufi wurin 'yan sanda da su, suka tsere a hanya, kotu ta tabbatar da laifi. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta Troughton a 1987. Fasinja ya bugu, ya kasa faɗin adireshinsa sosai, gardama ta tashi, direba ya juya da shi zuwa ofishin 'yan sanda tun ba a isa ba. Kotu ta wanke fasinjan, ta ce direba bai ƙarasa tafiyar da aka yi alkawari ba, don haka lokacin biya bai yi ba tukuna. Faransa kuma ta ambaci tasi da sunanta a sashe na 313-5 na kundin laifukanta: wanda ya hau alhali ya san ba shi da halin biya, ko ya ƙudurta ba zai biya ba, wata 6 ne da tarar yuro 7,500.

Wannan magana ta "ba a ƙarasa ba, ba a biya ba" ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna gaban malami a zaure. Malaman Malikiyya sun tattauna ta tun zamanin raƙumi da jirgin ruwa, a babin haya. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma har gobe ake karanta ta a Gwarzo da Kabo, ta bambanta hali biyu. Wanda ya yi hayar wata dabba takamaimiya zuwa wani gari, ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar, wato zai biya gwargwadon inda aka kai shi. Mai jirgin ruwa kuwa ba shi da lada sai ya kai gaci, domin rabin teku ba ya amfanar kowa. Ka ɗora wannan a kan Golf da ta mace a Rimin Gado. An sauke ka a gari, a kan titi, inda wata motar za ta ɗauke ka, ka amfana da rabin tafiyar, sai ka biya rabi. Abin da direbobin kirki ke yi ke nan ba tare da sun buɗe littafi ba: su tare wata motar, su yi mata juyen fasinja, su biya ta daga kuɗin da suka karɓa. Da a tsakiyar daji aka zubar da kai cikin dare, hujjarka ta ƙin biya ta fi kama da ta fasinjan jirgin ruwa.

Fiƙihu yana da amsar rigimar yaronmu ma. Asali ana son a ambaci lada kafin a fara aiki. Idan ba a ambata ba, aiki kuma ya riga ya gudana, sai a koma ga ladan da aka saba biya a irin wannan tafiya a wannan lokaci. Ba abin da direba ya ga dama ba, ba kuma abin da fasinja ya tuna yana biya shekara uku da suka wuce ba. Alƙali zai tambayi mutanen tasha nawa ake ɗauka daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Idan gardamar ta "na biya" da "ba ka biya ba" ce, sai a nemi shaida, in babu a koma ga rantsuwa. Dattijon mai buta, da ya tsayar da magana a 800, kusan wannan hukuncin ya yanke, ko ya sani ko bai sani ba. Ta fuskar laifi kuwa, Kano ta kafa kundin laifuka na Shari'a a 2000, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, kuma zamba a cikinsa tana sahun laifukan ta'aziri, waɗanda ake hukuntawa da ɗauri ko bulala ko tara. Ba ta shiga haddin sata, tunda ba a ɗauke wata dukiya daga ma'ajiyarta a ɓoye ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa kiran mai ƙin biya "ɓarawo" kuskure ne ko a ma'aunin malamai. Addini ya tsananta a kan mai hali da ke jan ƙafa wajen biyan haƙƙin wanda ya yi masa aiki, ya kuma yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Aikin mai sulhu shi ne ya gane wanne ne a gabansa.

A takarda dai hanya a buɗe take. Direba na iya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare. A 2019 Kano ta bi sawun Legas ta buɗe kotunan ƙananan da'awa, waɗanda aka tsara don a gama shari'ar bashi cikin kwana 60 ba tare da dole sai an ɗauki lauya ba. Tsari ne mai kyau ga ɗan kasuwar da ake riƙe wa dubu ɗari biyar. Ga mai bin naira 500, kuɗin zuwa kotun kaɗai ya cinye abin da ake nema, balle sammaci, balle ranakun da mota za ta kwana ba lodi. Kuma wa zai kai ƙara? Mutumin da bai san sunansa ba, wanda ya shige lungu? A ganina nan ne dokarmu ta bar direba a rana. Ta ba shi haƙƙi, ta hana shi ƙwata da hannunsa, abin da yake daidai ne, amma ba ta ba shi wata ƙofa da ta yi daidai da girman asararsa ba. Ban ga amfanin a kwaikwayo Faransa a fara ɗaure talaka wata 6 a kan kuɗin babur ba, gidajen yarinmu sun riga sun cika da masu jiran shari'a. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a ƙarfafa abin da ke aiki tun asali: farashi a rubuce a allo a kowace tasha da mahaɗa, yadda gardama za ta mutu tun ba a hau ba, da kuma wurin kai koke na nan take da bai wuce tafiyar ƙafa ba.

Irin wannan wuri akwai shi, sai dai ba a kiran sa kotu. Ofishin 'yan yuniyon a tasha yana raba irin wannan rigima kullum, ko da yake fasinja na iya cewa alƙalin ɗan uwan mai ƙara ne. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma sulhu na cikin manyan ayyukanta. Sama da duka akwai mai unguwa da dagaci. A wuri irin Unguwar Tudu, tambayar "ɗan gidan wa ne kai?" ta fi sammaci kaifi. Ɗan acaɓan ƙauye ba ya tsoron wanda ya sani zai gudu, don ya san ƙofar gidansa, ya san gonarsu, ya san surukansa.

Sai dai sanayyar nan tana da nata cizon, kuma 'yan acaɓa sun fi kuka da shi a kan na baƙo. Baƙo sau ɗaya zai cuce ka. Na gida kuwa kullum ne. "Kai ni Gwarzo, in na sayar da akuyar zan ba ka." "Rubuta, sai ranar kasuwa." "Bari in an yi girbi." Ƙanin uba ya hau, ya sauka, ya ce Allah ya yi albarka, ya shige. Ta yaya za ka bi shi ka ce Baffa, kuɗin mai? Abokin ɗaurin aure, malamin da ya koya maka alif, yayar matarka da za ta asibiti: kowanne yana da hujjar da ta fi ƙarfin lita. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma babur da aka karɓo a kan biya kaɗan-kaɗan bai san zumunci ba, mai shi yana jiran kuɗinsa ranar da aka yi da shi. Akwai kuma masu kaki da masu ɗan muƙami da ke hawa su sauka da "yi haƙuri, aiki ne", waɗanda babu sashen dokar da ya yafe musu kuɗin mota, babu kuma direban da zai riƙe musu jaka.

Na sake bin hanyar bayan 'yan makonni, wannan karon daga Gwarzo zuwa Kano, a wata Sharon. Mun ɗan yi nisa wani mutum ya tare mu da kaji biyu a hannu. Direba ya tsaya amma bai buɗe ƙofa ba. Ya sauke gilashi rabi, ya faɗi kuɗin, ya maimaita, ya juyo ya ce mana, "Jama'a kun dai ji ko?" Muka ce mun ji. Mutumin ya ce zai yi tiransifa. Direba ya karanto masa lambar asusu daga wata takarda da ya manna a jikin dashbod, ya ɗora wayarsa a cinya, ya kashe mota. Muka zauna cikin zafi, kajin suna haki, wata tsohuwa a baya tana mita, har sai da wayar ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙa hannu ya zare makullin ƙofa.